Yadda ake kafa ƙungiyar aikin sa-kai a unguwa, ta kuma ɗore

Idan kuna shirin kafa ƙungiyar taimakon kai da kai a unguwarku, ku jingine maganar suna da tambari da ɗinkin riga tukuna. Ku fara da aiki. Na daɗe ina riƙe da littafin sakatare a ƙungiyar unguwarmu da ke cikin ganuwar Zariya, kuma na ga ƙungiyoyi da dama da aka ƙaddamar da rumfa da lasifika da babban baƙo na musamman, amma ba su kai damina ta biyu ba. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu, kusan dukansu da shebur suka fara.

Ku samu kanku kamar mutum bakwai zuwa goma waɗanda kuka yarda da juna, ku zaga unguwar da ƙafa, lungu-lungu, ɗayanku na rubuta abin da ido ya gani: kwatar da ta toshe, famfon burtsatsen da ya daina kawo ruwa, katangar maƙabarta da ta zube, ajin firamaren da iska ta yaye wa kwano. Daga cikinsu ku ɗauki guda ɗaya tak, wanda za ku iya gamawa da ƙarfinku da ɗan abin da ke aljihunku. A nan Zariya ni yasar kwata nake ba kowa shawara ya fara da ita. Ruwa yakan fara sauka wajen Afrilu zuwa Mayu, ya kankama a Agusta, gidajenmu na cikin birni kuwa da yawa ginin ƙasa ne, lungunan ga matsi. Kwata ɗaya in ta toshe, ruwan ya rasa hanya, gindin katangar wani zai kwanta ya yi ta ci. Saboda haka a yashe kafin ruwan farko, a sake bi a watan Yuli.

Kafin ku taɓa komai, ku je wurin mai unguwa. Kada ku tafi ku kaɗai samari, ku nemi dattijo ɗaya da ake jin maganarsa ya yi muku jagora. Bayan gaisuwa, magana kaɗan ta isa: "Ranka ya daɗe, yaranka ne suka ga kwatar bayan masallaci ta cika, suke neman izini da albarka su yashe ta ranar Asabar." Shi ke nan. Shi zai san ko maganar na buƙatar a kai ta gaban dagaci ko hakimi. Tsarin masarautar Zazzau hawa-hawa ne, kuma wanda ya tsallake mai unguwarsa ya nufi fada da takarda, a ƙarshe wurin mai unguwar za a maido shi, ya dawo kuma an riga an ɓata. Daga nan sai liman, ku roƙe shi ya sanar bayan sallar isha'i ta ranar Juma'a. A unguwannin da ake zaune cuɗe, irin su Sabon Gari da Samaru da Wusasa, a kai sanarwar coci ma, domin kwatar ta kowa ce.

Ranar aiki a fito da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, kafin rana ta buɗe. Kayan da ake buƙata ba su da yawa: shebur, diga, manjagara, baro biyu ko uku, safar hannu mai kauri, takalmin ruwa, da takunkumi ga waɗanda za su shiga ciki. Yawancinsu aro za ku yi wurin magina da manoman unguwa. A rubuta sunan mai kowane kaya a jikin ƙotarsa, a wanke, a mayar masa a ranar. Mutumin da aka mayar wa sheburinsa a wanke zai sake ba da aro.

Daga ƙasa ake fara yasa, wato inda ruwan ke fita, a yi sama. In kuka fara daga sama, abin da kuka kwance zai gangara ya danƙare a inda ba ku taɓa ba. Mai manjagara ne a gaba, yana jawo leda da robar lemo da tsumma. Mai shebur na biye da shi yana kwasar baƙin taɓon nan mai wari, mai baro na tsaye a gefe. Bakin kwalbati nan aikin yake, don a nan ledar ruwa ke haɗuwa da yashi ta yi tauri har sai an sa diga. Kada wanda ya zura hannu tsirara a ciki, akwai fasasshiyar kwalba da reza da tsohuwar allura. Wanda ya yanke a wanke masa da sabulu da ruwa mai kyau, a kai shi asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus, ban da shafa toka ko man birki.

Ga kuma wurin da aka fi yin asarar wahala: tara taɓon a bakin kwata a tafi gida. Ruwan dare ɗaya zai maida shi inda ya fito, awaki da yara su ƙarasa sauran. Tun ranar Alhamis ku riga kun daidaita da mai kura ko mai tifa da zai kwashe, kun kuma san jujin da za a kai. In kuɗinku bai kai na kwashewa ba, ku rage tsawon inda za ku yashe. Koko da ƙosai da ruwan sha kuwa, ku bar wa iyayenmu mata. Ban taɓa ganin an gaya musu a kan lokaci sun ba da kunya ba.

Sai an yi irin wannan fita sau biyu ko uku sannan a zauna maganar muƙamai, domin a lokacin kowa ya ga wanda ke zuwa da wuri da wanda ke isowa lokacin ɗaukar hoto. Muƙamai kaɗan sun isa: shugaba da mataimakinsa, sakatare, ma'aji, sakataren kuɗi, mai binciken kuɗi, da jami'in hulɗa da jama'a. A ƙara da iyayen ƙungiya, dattawa biyu ko uku waɗanda ba sa jefa ƙuri'a amma in rigima ta taso su ake kai wa. Kada a ƙirƙiro muƙami don kawai kada ran wane ya ɓaci.

Tsarin mulkin ƙungiya kada ya wuce shafi biyu ko uku, a rubuta shi da Hausa, a karanta a gaban kowa. Ya faɗi manufar ƙungiya, wa zai iya shiga, nawa ne kuɗin wata, yaushe ake taro, mutum nawa ne za su hallara kafin a yanke shawara, yaya ake cire shugaban da ya saɓa, da tsawon wa'adi. Kan wa'adin nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ƙungiyar Rotary, wadda aka kafa a Cikago ta Amurka a 1905, shekara ɗaya shugaban reshenta ke yi, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, ya sauka wani ya hau, ga ta nan har yau. Mu shekara biyu muka ɗauka, sau biyu iyaka. Shugaban da ya zarce haka, ko da mutumin kirki ne, a hankali jama'a za su fara kiran ƙungiyar da sunansa, su kuma sakar masa aikin.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ke kashe ƙungiya ko ta raya ta. Ku sa kuɗin wata daidai ƙarfin mafi ƙarancin samu a cikinku, yadda ɗan acaba da ɗalibi da mai faci za su iya biya ba tare da sun ji a jikinsu ba. Mai hali ya ƙara da gudummawa, amma ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa. Wanda ke karɓar kuɗi daban, wanda ke ajiyewa daban: sakataren kuɗi ya karɓa ya yanka rasit, ya miƙa wa ma'aji, ma'aji ya sa hannu a littafi cewa ya karɓa. Kada a yarda kuɗin ƙungiya ya kwana a asusun bankin mutum ɗaya, komai amanarsa. Ba zargi ba ne. Ranar da ɗansa ya kwanta rashin lafiya cikin dare zai taɓa da niyyar maidawa, daga nan kuma sai kunya ta hana shi zuwa taro, ku yi asarar kuɗin ku yi asarar mutumin.

A wurinmu, kowane taron wata ma'aji kan miƙe tsaye da littafinsa ya karanta: abin da aka kwana da shi, abin da ya shigo da sunan wanda ya bayar, abin da ya fita da dalilinsa. Rasit ɗin siminti da na hayar tifa suna manne a shafin da fil. Sai littafin ya zaga hannu-hannu a kan tabarma. Akwai wani dattijo a cikinmu da ba ya karatun boko, amma sai ya karɓa ya juya shafin, ya ce wa na kusa da shi, "Yaro, karanta mini wannan layin." A karanta masa, ya ce "Madalla", ya miƙa gaba. Duk wata uku kuma muna liƙa taƙaitaccen lissafi a allon ƙofar masallaci. Tun da muka fara haka, mutanen da ba ma 'yan ƙungiya ba suke aiko da nasu, har da 'yan unguwar da ke aiki Kaduna da Abuja.

Rajista ba abin gaggawa ba ce, amma tana da ranarta. Matakin farko mai sauƙi shi ne na ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, gwargwadon inda kuke. Idan kuka girma har kuna son asusun banki da sunan ƙungiya, ko kuna neman tallafi daga manyan hukumomi, sai ku nufi Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, irin ƙungiyarmu ana yi mata rajista ne ta hannun amintattu, aƙalla mutum biyu. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan a ba da takardar shaida. Bayan nan akwai rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar, wanda ƙungiyoyi da yawa ke mantawa har tara ta taru musu. Ku zaɓi amintattu da natsuwa, domin canza su ma sai an sake bi ta hukumar. A banki kuma a sa masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai da hannun biyu.

Abu biyu nake roƙonku ku tsare ƙofarku daga gare su. Na farko siyasar jam'iyya. Da zaɓe ya ƙarato za a zo muku da baro sababbi da riguna masu hoton ɗan takara. Ku karɓi baro in an ba ƙungiya ne ba tare da sharaɗi ba, ku rubuta a littafi, ku yi godiya a fili. Rigar kuwa ku ce a yi haƙuri. Ranar da kuka shiga kwata sanye da ita, rabin unguwa sun daina ganinku a matsayin nasu. Na biyu saɓanin aƙida. Zariya gari ne na malamai da makarantu, kowa da inda yake ɗaukar karatu, kuma wannan abin alfahari ne. Amma a taron ƙungiya a buɗe da addu'a, a rufe da addu'a, abin da ke tsakani maganar aiki ce kawai.

Kada ku bar mata a baya. Su suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, da mai cikin da ba ta zuwa awo, da marayan da aka cire daga makaranta. Ku ba su reshensu da shugabarsu da ma'ajiyarsu, wakiliyarsu kuma ta zauna a kwamitin zartarwa. Haka ɗaliban unguwa da ke Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, su za su iya koyar da yara darasi kyauta lokacin dogon hutu, su kuma rubuta muku wasiƙa mai kyau.

In ƙafarku ta yi ƙarfi, ayyuka na nan jibge. Sharar maƙabarta da cike kaburburan da suka rufta bayan damina. Gyaran famfo, wanda ya fi kyau a sa masa ɗan kwamiti na masu ɗiban ruwa a wurin. Sai wanda na fi so, rajistar masu ba da jini: littafi mai sunan kowane mai son bayarwa da rukunin jininsa da lambar wayarsa, a hannun mutum biyu da ba sa kashe waya da dare. Mai lafiya ɗan shekara 18 zuwa 65 wanda nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, namiji kuma ya huta wata uku kafin ya sake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ana neman jini wa mai haihuwa ya san darajar littafin nan. Taimakon marayu da zawarawa kuwa a yi shi a rufe. A kai hatsi bayan magariba, ta hannun mace, ban da hoto, ban da sa fuskar yaro a Facebook. Masu ba da gudummawa lissafi suke buƙatar gani, shi kuma yana cikin littafi.

Taron wata kada ya wuce awa ɗaya. A tsayar masa da rana guda da ba ta canzawa, a fara a kan lokaci ko da mutum biyar ne suka iso. Sakatare ya karanta abin da aka yanke a zaman baya, a bi ɗaya bayan ɗaya: wa aka ɗora wa, ya yi ko bai yi ba. Kowace shawara a rubuta ta da sunan mai aiwatarwa da ranar gamawa. Dandalin WhatsApp na sanarwa ne, ba a yanke hukunci a cikinsa. Wanda aka daina gani a taro kada a fara da tara, a tura mutum biyu su gaishe shi a gida, sau da yawa za a tarar rashin lafiya ce ko bashin kuɗin wata ya sa yake jin nauyin fitowa.

Idan wa'adi ya cika, a yi zaɓe wata guda kafin ranar sauka, domin sababbi su zauna da tsofaffi su ga yadda ake yi. Ranar miƙa ragama, a gaban iyayen ƙungiya, a damƙa littafin taro, littafin kuɗi da rahoton mai bincike, takardun rajista, hatimi, da jerin kayan aiki, a ƙirga shebur da baro ɗaya-ɗaya kowa na gani. A cikin makon nan kuma a je banki a canza masu sa hannu.