Sifikun falo a kan teburin kwamfuta: kurakuran da ke ɓata sauti

Mutum zai samo sifiku biyu masu akwatin katako, ya sayo ɗan amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da bai fi tafin hannu ba, ya jona da kwamfutarsa, sai sauti ya fito a shaƙe, ko kuma wani zuuu ya ƙi ɗaukewa. Nan take ya ce an sayar masa da jabu. Sau tari kayan lafiyarsu ƙalau, wurin haɗi aka yi aika-aika.

Adaftar wuta ce aka fi rainawa, alhali ita ke ƙayyade ƙarfin da za ka samu. Da yawa daga cikin ƙananan amfilifayoyin nan suna aiki ne da wani ɗan guntun lantarki mai suna TPA3116 na kamfanin Texas Instruments. Za ka ga an rubuta wat 50 kowane ɓangare, kuma ba ƙarya aka yi ba, amma sai an ba shi wajen bolt 21 zuwa 24, sifikar kuma mai om 4 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki). Mai shago kuwa adafta mai bolt 12 zai haɗa maka da ita. Da wannan, a kan sifika mai om 8, ko wat 10 ba za ka cika ba. Idan aka ninka bolt, ƙarfi kan ninku kusan sau huɗu. Tsohuwar cajar laftof mai bolt 19 tana yin aikin sosai, in dai bakinta ya shiga kuma ka tabbatar alamar tarawa da ta ragewa sun dace da zanen da ke jikin amfilifayar. Kada dai ka haura iyakar da aka rubuta a wurin.

Wanda bai san haka ba sai ya murɗa maɓalli har ƙurya don ya ji ƙara. Idan amfilifaya ta kai maƙura, sautin yakan farfashe, kuma wannan farfashewar ce ke ƙona 'yar sifikar sama mai fitar da siririyar murya. Da ka ji kiɗa ya fara kaushi, rage.

Sai wayoyi. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a duka sifikun biyu. In ka juya ɗaya ba abin da zai ƙone, shi ya sa mutum zai shekara a haka bai sani ba. Alamarsa ita ce bas, wato sauti mai kauri, ya zama holoƙo, muryar mai magana kuma ka rasa daga ina take fitowa, maimakon ta tsaya a tsakiyar allo. Abin da ke ƙona kaya shi ne haɗe baƙaƙen wayoyin hagu da dama wuri guda don tsimin waya. Yawancin amfilifayoyin nan ba sa lamuntar haka. Haka ma silin waya ɗaya da ya leƙo ya taɓa maƙwabcinsa.

Hayaniya kuma iri-iri ce, kowace da maganinta. Idan kana jin tsit-tsit duk lokacin da ka motsa mawus ko ka buɗe wasa, daga cikin kwamfutar take. Fara da cire wayar daga ramin gaba na hedfon ka mayar da ita koren ramin baya. In ba ta daina ba, nemi ƙaramar na'urar DAC ta USB, mai fitar da sauti a wajen kwamfuta, ko ka bi ta wayar haske ta Toslink idan kwamfutarka da amfilifayar duk suna da ramin, domin ita ba ƙarfe a cikinta balle hayaniyar lantarki ta bi. Gurnani mai kauri wanda ba ya canzawa kuwa na wutar gida ne: jona kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya, ka raba wayar sauti da wayar wuta. Wasu kuma su bar sautin kwamfuta a kashi 15 su ƙure na amfilifaya, to hayaniyar suke ƙara wa ƙarfi. Kai na kwamfuta wajen kashi 80 ko sama, ka riƙa ragewa da ƙarawa da maɓallin amfilifaya.

In tsohuwar amfilifaya ce 'yar gwanjo, duba bayanta kafin ka ba ta wuta. Ta Japan bolt 100 take sha, ta Amurka 120, wutarmu kuwa 230 ce. Kuma kada ka sa kwamfuta a ramin da aka rubuta Phono, na faifan garmaho ne. AUX ko CD za ka nema.

Ajiye sifika kai-tsaye a kan tebur, tana harba sauti a ƙirjinka, shi ma asara ce. Teburin yakan ɗauki rawa, sauti ya dake shi ya dawo ya cakuɗe. Ɗaga su da littattafai ko soso mai tauri har 'yar sifikar sama ta yi daidai da kunnenka. Tazarar da ke tsakaninsu ta zo daidai da tazarar kowace zuwa kanka, ka ɗan karkato su su fuskance ka. Sifika mai ramin fitar iska a baya kada a manna ta da bango, a ba ta ko da taƙi ɗaya, in ba haka ba bas zai cika ɗaki ya danne komai.

Wajen kunnawa, kwamfuta ce farko, amfilifaya ƙarshe, wajen kashewa kuma a juya. Idan aka ɗauke wuta ko za a tada janareta, kashe amfilifayar tukuna, sai wuta ta zauna ka kunna.