Darasi na Tara: Aiki a Shagon Gida

Idan ka shiga kasuwar Farin Gada a Jos da sassafe ana sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji, ko ka bi ta Dilimi wajen masu kayan gyaran mota, ko Katako wajen 'yan gwanjo, tambayi samarin da ke tsaye a bakin rumfa. Da yawansu za su ce maka wurin na Baba ne, ko na Yaya, ko na Kawu. Wataƙila kai ma a haka ka taso. Ke ma wataƙila tun kina ƙarama kike taya Inna suyar masa, ko kike zama a shagon ɗinkin yayarki. Darasinmu na yau a kan wannan zaman ne, da kuma amfanin da biro da takarda za su yi maka a cikinsa.

Abin da ɗan gida yake samu

Babbar ribarsa sanin sana'a ne, ba tare da ya biya ko sisi ba. Yaron da ya girma a rumfar ubansa, da ya ɗaga kwando ya san ko an jera masu kyau a sama an ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Ya san watan da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu yake cika kasuwa, farashi ya faɗi. Ya san direban da yake cika alkawari, ya san wanda zai kwana da kaya a hanya ya dawo da labari. Babu makarantar da ake koyar da wannan, sai zama da gani.

Sai suna. Dila zai ba ɗan gida kaya bashi saboda ya shekara ashirin yana ciniki da ubansa ba a taɓa jin kansu ba. Baƙo kuwa sai ya daɗe yana biya a hannu kafin a yarda da shi. Akwai kuma sassauci: ranar da kake zazzaɓi, ko matarka ta haihu, ba wanda zai yanke maka kuɗi. Sau da yawa daga cikin shagon ake yi wa mutum aure, a gyara masa ɗaki.

Sana'ar gida tana girma ƙwarai idan an riƙe ta da kyau. Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano ya rasu a 1955, 'ya'yansa suka ci gaba da kasuwanci, kuma Aliko Ɗangote daga wannan zuriya ya fito ta wajen mahaifiyarsa. A nan Jos, kamfanin Nasco da muke cin biskit ɗinsa ya faro ne a 1963 a hannun Ahmed Idris Nasreddin, daga baya ɗansa ya karɓi ragama. Sai dai ka lura, irin waɗannan wurare da akawu da littattafai suke tafiya. Ba a ɗibar kuɗi a durowa a ce za a tuna.

Inda gizo ke saƙar

Akwai wata magana da kusan duk ɗan gida ya taɓa ji: "Ai naka ne, wa nake tara wa in ba ku ba?" Magana ce mai daɗi, kuma uban da ya faɗe ta da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ba ta gaya maka nawa za ka ɗauka a wata ba. Ba ta gaya maka ko kai yaron shago ne, ko abokin tarayya, ko mai taya uba aiki don albarka ba. Shi ya sa za ka ga magidanci mai 'ya'ya uku, shi ke buɗe shago shi ke rufewa, amma kullum sai ya jira an miƙo masa kuɗin cefane. Idan ya ɗauka da kansa a ce ya taɓa jari. Idan bai ɗauka ba iyalinsa su kwana da yunwa.

Wani abin mamaki, bare ya fi ɗan gida sanin makomarsa. Yaron da aka kawo daga wani gida yana zaune ne da sa ran sallama: bayan wasu shekaru maigida zai ba shi jari ko kaya ya buɗe nasa. Ɗan gida fa? Ba a cika sallamar sa ba, don ana ganin ba inda za shi. Idan kuma ya ce zai fita ya nemi na kansa, sai maganar ta koma ta zumunci, a ce ya watsar da ubansa.

Gyara ma wuya yake yi. Za ka iya gaya wa yaron da ka ɗauka aiki ya daina makara. Gaya wa Yaya ya daina ba abokansa bashi ba a rubuce ba, wannan sai ka shirya. Faɗan da aka yi a shago da rana, shi za a tarar a tsakar gida da dare, matan gida su ɗauka, yara su gada.

Kada kuma a manta da gobarar babbar kasuwar Terminus a watan Fabrairu na 2002. Gidan da uba da 'ya'yansa duka rumfa ɗaya suke ci, dare ɗaya abincin kowa ya tsaya. Gidan da wani ɗa yake koyarwa, wani yake tuƙi, sun sami mai tallafa musu kafin su farfaɗo. A ganina ba dabara ba ce a tara kowa da kowa a shago guda, ko da shagon yana kawo kuɗi.

Mu yi lissafi

Ranar da aka fi jin zafin rashin rubutu ita ce ranar rabon gado. Ɗauki wannan misali, ka bi shi da biro.

Wani ɗan kasuwa Musulmi ya rasu. Iyayensa sun riga shi, ba a bin sa bashi, bai bar wasiyya ba. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Aka ƙiyasta shagonsa da kayan ciki a kan naira 2,400,000.

Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas: naira 300,000. Saura naira 2,100,000. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, saboda haka maza biyu kaso huɗu, mata uku kaso uku, jimla bakwai. Kowane kaso naira 300,000 ke nan. Kowace 'ya ta sami 300,000, kowane ɗa ya sami 600,000.

To, a ce babban ɗan shi ya riƙe shagon shekara goma sha biyar, ƙaninsa kuwa yana Abuja yana aikin gwamnati, bai san ko farashin kwali ɗaya ba. Rabonsu ɗaya ne. Babban ya tashi da rubu'in shagon da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki. Ba zaluntar sa aka yi ba, don gado ba ladan aiki ba ne, kuma 'yan'uwansa mata haƙƙinsu suka karɓa ko da ba su taɓa leƙa kasuwar ba. Wasiyya ma da ba ta cece shi ba, domin a shari'a ba a yi wa magaji wasiyya, kuma ba ta wuce sulusin dukiya. Abin da zai fitar da shi tun farko shi ne a ce uban yana raye ya yanka masa albashi, ko ya sanya shi cikin tarayya a gaban shaidu, ko ya ba shi kyauta ya kuma damƙa masa ita a hannu. 'Yan ajinmu Kirista da masu bin al'adar gargajiya, tsarin rabonku daban ne, amma ku ma rigimar daga wuri ɗaya take tasowa: marigayi ya faɗa da baki, babu takarda.

Yadda za a tayar da maganar

Ɗa ba ya tsare ubansa ya ce a biya shi, kunya ba za ta bari ba, kuma bai dace ba. Ana bi ta hannun wanda uban yake jin nauyinsa. Karanta wannan hira da ƙarfi, kai da na kusa da kai.

"Kawu, barka da yamma. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya kasuwa? Ya mutan gidan?"

"Alhamdu lillahi. Kawu, dama wata alfarma na zo nema. Iyali sun ƙaru, ga kuɗin makarantar yara. Ina so a taya ni roƙon Baba ya yanka mini wani abu sananne duk wata, don kada hannuna ya riƙa shiga uwar kuɗi ban sani ba."

"Ka yi tunani, Allah ya yi maka albarka. Bari in same shi bayan sallar Juma'a. Amma ka zo da littafi, abin da aka yanke a rubuta."

"To Kawu, na gode. Allah ya ƙara girma."

Ka ga bai ce ana cutar sa ba. Ya nuna jarin Baba yake son karewa, kuma gaskiya ce.

Abin da za a yanke ɗin yana iya zama albashi. Don ka sami ma'auni, mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka ba ta tilasta wa shagon Baba. Idan kuma a gida kake ci kake kwana, sai ka sa wannan a lissafi, kada ka yi butulci. Abin da za a yanke ɗin yana kuma iya zama rabon riba, abin da malamai ke kira ƙiradi: jari na wani, aiki na wani, a raba riba yadda aka amince tun farko, kamar sulusi ga mai aiki. Ni na fi son wannan ga ɗan da ya riga ya ƙware, don yana sa mutum ya riƙa kula da kowace naira.

Duk tsarin da aka zaɓa, a rubuta kwanan wata, da sunaye, da adadin kuɗi, shaidu biyu su sa hannu. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Sannan a ware asusun banki na shago daban. Yanzu da ciniki ya koma taransifa da POS, haɗari ne kuɗin shago su riƙa faɗawa asusun ɗa guda, don ranar da ta ɓaci ba mai iya bambance nasa da na gida. Idan shagon ya yi ƙarfi, a je Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a yi masa rajista da sunayen masu shi na gaskiya.

Aikin gida

1. Shago ya ci ribar naira 90,000 a wata. An amince mai aiki yana da sulusi. Nawa zai ɗauka, nawa ya rage wa mai jari?

2. Koma kan misalin gado. Idan shagon naira 4,800,000 ne, nawa matar za ta samu, nawa kowace 'ya?

3. Sami littafi mai layi. Ja layi uku a shafin farko: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita. Cika shi na mako guda, har da kuɗin shayi da na acaɓa, ka zo da shi aji ranar darasi na gaba.