Yadda Ake Tono Takardun Gwamnatin Amurka a Kan Masu Duba Daga Nesa

Daga 1972 zuwa 1995 gwamnatin Amurka ta riƙa biyan wasu mutane albashi domin su zauna a ɗaki, su rufe ido, su bayyana abin da ke wani wuri da ba su taɓa zuwa ba. Hukumar leƙen asiri ta CIA ce ta fara zuba kuɗi a wannan aiki a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, ƙarƙashin masana kimiyya biyu, Russell Targ da Harold Puthoff, saboda fargabar kada Tarayyar Sobiyet ta riga ta. Daga baya rundunar sojan ƙasa da hukumar leƙen asirin tsaro ta DIA suka karɓi ragamar, aka buɗe sashe a barikin Fort Meade da ke jihar Maryland. A wurinmu irin wannan sana'a tana da suna, duba ake ce mata, kuma ko yaro ya san cewa sanin gaibu sai Allah. Bambancin kawai shi ne masu duban Fort Meade suna da lambar ma'aikaci, suna cika fom bayan kowane zama, kuma akwai akawun da ke lissafa abin da aka kashe a kansu. Albarkacin wannan akawu ne ya sa yau mutum zai iya zama a gidansa ya karanta abin da suka yi, muddin ya san yadda ake tunkarar ofis.

Abu na farko da ya kamata mai nema ya sa a ransa shi ne cewa ofis ba ya amsa tambaya, takarda kawai yake bayarwa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta Amurka, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966 kuma aka fi sani da FOIA, ta tilasta wa hukumomi su miƙa takardun da suke da su, amma ba ta tilasta musu su yi bayani ko su faɗi ra'ayinsu ba. Wanda ya rubuta wa CIA yana tambaya ko gaskiya ne mutum na iya gani daga nesa, ko kuwa akwai wasu halittu a sararin samaniya, ya yi asarar tawadarsa, domin za a mayar masa da amsa cikin ladabi cewa abin da ya aiko ba buƙatar takarda ba ce. A nan ne yawancin masu zumuɗin abubuwan al'ajabi suke karaya. Sun zo da ƙishirwar sanin wani babban sirri, sai suka tarar da ma'aikacin da ba ruwansa da sirri, shi dai a faɗa masa sunan fayil da shekararsa.

Saboda haka kada ka fara da rubuta wasiƙa. Ka fara da duba abin da aka riga aka saki, domin mafi yawan abin da mutane ke nema yana nan a fili. A watan Janairun 2017 CIA ta ɗora takardu kimanin 930,000, wato shafi wajen miliyan 12, a ɗakin karatunta na intanet. Kafin wannan lokaci, duk da cewa an cire musu hatimin sirri, sai mutum ya taka da ƙafarsa zuwa Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke College Park a Maryland, ya zauna gaban ɗaya daga cikin kwamfutoci huɗu kacal da aka keɓe, sannan ya iya ganinsu. Sai da ƙungiyar MuckRock, mai taimaka wa jama'a neman takardun gwamnati, ta kai ƙara kotu a 2014 aka fara maganar buɗe ƙofar ga kowa. Wannan rumbu shi ake kira CREST, kuma takardun masu duba suna cikinsa.

Wajen binciken rumbun akwai wani tarko. Shirin bai zauna da suna ɗaya ba, domin duk lokacin da ya koma hannun wata hukuma ko aka sauya masa hanyar kasafi sai a raɗa masa sabon suna. An kira shi Gondola Wish, sannan Grill Flame, sannan Center Lane, sannan Sun Streak, kuma sai a 1991 ya zama Stargate, sunan da duniya ta fi sani. Idan ka tsaya ga sunan ƙarshe kaɗai, za ka iya tsallake shekarun da aka fi yin aiki. Ka gwada kowane suna daban, ka haɗa da kalmomin remote viewing, wanda shi ne sunan da suka ba sana'ar da Turanci, ka kuma nemi sunayen mutanen da aka sani a ciki, irin su Ingo Swann da Pat Price da Joseph McMoneagle. Kowace takarda tana ɗauke da doguwar lamba a samanta, kuma na wannan shiri galibi suna farawa da CIA-RDP96. Ka riƙa rubuta lambar duk wadda ka karanta a littafi, domin injin binciken shafin ba shi da tabbas, abin da ka gani yau kana iya shan wahala kafin ka sake samunsa gobe.

Akwai wata takarda mai kwanan wata 22 ga Mayu, 1984 da ta dace a fara da ita, don mutum ya ga yadda zaman yake. An miƙa wa mai duban ambulan a rufe, a cikinsa akwai ɗan kati da aka rubuta duniyar Mars da lokacin da ake so, wato kimanin shekara miliyan ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa. Mai kula da zaman yana karanto lambobin wurare, mai duban kuma yana bayyana abin da yake gani: gine-gine masu siffar dala, guguwar ƙura, da wasu mutane dogaye sirara da ke neman mafaka. An buga wannan duka da keken rubutu, layi bayan layi, kamar rahoton taron kwamiti. Abin lura shi ne kasancewar takarda a ma'ajiyar CIA ba ya nufin hukumar ta gaskata abin da ke ciki. Ofis yana ajiye duk abin da ya ratsa teburinsa, har da yankakkun jaridu da wasiƙun mutanen gari. Da yawa daga cikin labaran da ake yaɗawa cewa CIA ta tabbatar da kaza, idan aka bi sawu sai a tarar an ga hatiminta ne kawai a saman shafi.

Idan ka gama wannan zagaye kuma ka gano takamaiman abin da babu, to lokacin wasiƙa ya yi. Ba sai kai ɗan Amurka ba ne, dokar ta ce kowane mutum, illa dai hukumomin leƙen asiri ba sa amsa wa gwamnatocin waje ko wakilansu. Ana rubutawa da Turanci, kuma shafin kowace hukuma yana nuna hanyar da take karɓa. Ka taƙaita. Ka ambaci sunan takardar idan ka san shi, da wanda ya rubuta ta, da shekarun da kake so a duba, kuma mafi kyau duka, ka nuna lambar wata takarda da aka riga aka saki wadda ta ambaci wadda kake nema, domin hakan yana toshe ƙofar cewa ba a gane abin da kake nufi ba. Ka faɗi iyakar kuɗin da za ka iya biya, ko da yake mai nema na gama-gari yana samun awa 2 na bincike da shafi 100 kyauta. Ka nemi a turo maka ta imel ko a faifai. Kada ka sa labarin mafarkin da ka yi ko hasken da ka gani a sama, ba don abin kunya ba ne, sai don ba a tambaye ka dalili ba, kuma ba zai ƙara wa buƙatarka nauyi ba.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce a nemi takardun da ba su da armashi. Kwangiloli, kasafin kuɗi, takardun alawus na tafiya da rahotannin tantancewa sun fi faɗin gaskiyar shiri fiye da zane-zanen masu duba. Tarihi ya nuna haka a wani shirin na daban, MKUltra, inda aka yi gwaje-gwajen sarrafa tunanin mutane. Shugaban CIA Richard Helms ya ba da umarnin lalata fayilolinsa a 1973, amma a 1977, sakamakon buƙatar da wani marubuci mai suna John Marks ya shigar, aka gano takardu kusan 20,000 da suka tsira saboda suna ajiye tare da takardun kuɗi. Mai share sawu ya manta da ɗakin akawu.

Doka ta ba hukuma kwanakin aiki 20 ta yanke shawara, kamar yadda tamu ta Najeriya ta 2011 ta ba da kwana 7, amma wanda ya taɓa bin fayil a ofishin gwamnati ya san tazarar da ke tsakanin doka da tebur. Abin da za ka fara samu shi ne wasiƙar shaida da lambar buƙata, sauran kuma jira ne na watanni, wani lokaci na shekaru. Ka adana lambar, ka riƙa tuntuɓa lokaci-lokaci kana tambayar ranar da ake sa ran kammalawa.

Amsar tana zuwa a ɗaya daga cikin siffofi kaɗan. Ana iya aiko takardar da wasu wurare a shafe, a gefen kowane an rubuta lambar dalili: b1 na nufin tsaron ƙasa, b3 na nufin wata doka ta hana, b6 kuma sirrin rayuwar wani mutum. Ana iya cewa an duba ba a samu ba. Sai kuma amsar da ta fi ƙona rai, wadda ake kira Glomar, inda hukuma ke cewa ba za ta tabbatar ba kuma ba za ta musanta cewa takardar tana nan ba. Sunan ya samo asali ne daga jirgin ruwan Glomar Explorer, wanda CIA ta yi amfani da shi a 1974 wajen ƙoƙarin ciro wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet da ya nutse a 1968, kuma da 'yar jarida Harriet Phillippi ta nemi takardun sai aka ba ta wannan amsa. Kowace daga cikinsu ana iya ɗaukaka ƙara a kanta a cikin hukumar, kyauta, kuma ana ba da akalla kwana 90. Hujja mafi ƙarfi a kan Glomar ita ce ka nuna cewa hukumar da kanta ta taɓa amincewa da wanzuwar abin a hukumance. Idan abin ya cije, akwai ofishin sasantawa mai suna OGIS a ƙarƙashin Ma'ajiyar Tarihi.

Kafin ka ɗauka cewa duk wani giɓi ɓoye-ɓoye ne, ka tuna da shafi na 25. A 1983 wani Laftanar-Kanar mai suna Wayne McDonnell ya rubuta rahoto a kan hanyar horo ta Cibiyar Monroe da ke Virginia, wadda ke iƙirarin koya wa mutum fita daga jikinsa ta hanyar sauraron sauti. Kwafin da ke hannun CIA ba shi da shafi na 25, kuma shekara da shekaru mutane suka yi ta rantsuwa cewa a nan babban sirrin yake. A 2021 shafin ya fito daga ma'ajiyar cibiyar Monroe ɗin kanta, mujallar Vice ta buga shi, sai ga shi ci gaban bayanin falsafa ne irin na sauran shafukan. Wannan ya nuna cewa jami'o'i da cibiyoyin da suka yi kwangilar sukan riƙe kwafin da hukuma ta ɓatar, kuma tambayarsu ba ta buƙatar wata doka.

Wanda hankalinsa ya fi karkata ga baƙin abubuwan da ake gani a sama, hanyarsa ta fi sauƙi, domin fayilolin shirin Blue Book na rundunar sojan sama, wanda aka rufe a 1969 bayan tattara rahotanni 12,618 da 701 daga cikinsu ba a gano ko mene ne ba, suna Ma'ajiyar Tarihi a buɗe.

Takardar da ya kamata a karanta bayan duk sauran ita ce rahoton 1995 na cibiyar American Institutes for Research, wanda CIA ta sa a yi bayan majalisa ta mayar mata da shirin. Masaniyar lissafin ƙididdiga Jessica Utts ta ce sakamakon ɗakin gwaji ya wuce abin da dace kaɗai zai iya haifarwa, masanin halayyar ɗan Adam Ray Hyman kuma ya ce hujjar ba ta kai ba. Masu haɗa rahoton ba su tsaya raba wannan gardama ba, sun duba ko akwai wani aikin leƙen asiri da aka taɓa ginawa a kan abin da masu duban suka faɗa, suka ce babu. A kan haka aka rufe shirin a wannan shekara, bayan an kashe kimanin dala miliyan 20.