Kafin ka sayi motar ɗaukar tsofaffi

Jama'a, mai neman mota 'yar hannu don kai su Baba da Inna asibiti, kada tsayin jif ya ruɗe shi. Na ga yadda Innarmu ke riƙe gwiwa tana nishi kafin ta hau, sai an ajiye mata kujera 'yar tsugunne. Ƙaramar mota kuma tashi daga cikinta ne aiki. Sienna ta fi mini: ƙofarta zamewa take yi, kujerar daidai ƙugu, bayanta na ɗaukar keken guragu.

Je da bakanikenka ya duba shokozoba da esi, don zafin bazara daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ba na tsoho ba ne. In da hali, tsohon ya shiga ya fita da kansa kafin a biya.