Yadda Ake Buga Kati Mai Ƙarfi a Foka Mai Iyaka, Ba Tare da Likimo Ba

Yawancin samarin da ke zama teburin foka a Agege ko Idi-Araba daga Whot suka taso, kuma da halin Whot suke zuwa: ka samu 20 ka danne ta, sai wasa ya zo ƙarshe ka fiddo ta kowa ya riƙe baki. A foka mai iyaka ta ƙaramin zubi, wannan halin ne ke cinye su. Mutum ya ɗaga katinsa ya ga alheri, sai ya yi likimo, ya ƙwanƙwasa tebur a wuce shi, wai tarko yake ɗanawa. Tarkon wa? Mutanen da ke zagaye da shi ba masu gudu ba ne, da ya zuba da sun bi shi.

Ba zan tsaya bayanin wane kati ya fi wane ba. Maganata a kan Texas Hold'em ce mai iyaka, inda kowa ke riƙe kati biyu a hannu ana buɗe biyar na kowa a tsakiya, irin ta 2 da 4: kafin a buɗe katin tsakiya da kuma bayan buɗin ukun farko ana zuba 2, a kati na huɗu da na biyar ana zuba 4, kuma a yawancin tebura ƙari uku ake yarda da shi a kowane zagaye. Mu marfin lemo muke zubawa, mai shayin bakin layi ke tara mana a gwangwanin madara. Wanda ya ga dama ya sa kuɗin cefane, ya san abin da addini ya ce a kan caca, ba ni zan tuna masa ba.

Mataki na farko: ƙirga mutane kafin ka sake duba katinka. In mutum huɗu ko biyar ke shiga kusan kowane rabo, kuma kana ganin suna bi har ƙarshe da katin da bai taka kara ya karya ba, to teburin masu bi ne. A irinsa dokata ɗaya ce, ka samu ka zuba. Dalilin yana cikin iyakar kanta. A foka marar iyaka kana iya shiru zagaye biyu, sannan ka tura duk abin da ke gabanka lokaci guda ka fanshe. A nan babu wannan. Zagayen da ka bari ya wuce ba ka zuba ba ya tafi ke nan, domin a na gaba ma 4 kawai za a bari ka sa.

Mataki na biyu: as biyu (katin A) ko sarki biyu (katin K) a hannu, ka ƙara tun kafin a buɗe komai. As biyu na cin kusan kashi 85 cikin ɗari in da mutum ɗaya ake karawa, amma in mutum huɗu ne sai ta sauko wajen kashi 56. Ka ƙara, wanda zai fita ya fita, wanda zai tsaya ya biya ninki. Duk biyun ribarka ce.

Mataki na uku shi ne inda nake ganin ana zubar da marfi kowane daren Asabar, don haka zan daɗe a kansa. Ka ce kana riƙe da 7 biyu, ba mai alamar zuciya a cikinsu. Ku biyar kuka shiga, kowa ya sa 2, akwai 10 a tsakiya. Aka buɗe sarkin zuciya, 8 ta zuciya da 7 ta fulawa. Ka samu uku iri ɗaya, abin da ke zuwa wa mai tagwayen kati kusan sau ɗaya cikin takwas. A nan ne hannun sabon shiga ke rawa, ya sunkuyar da kai kamar an yi masa rasuwa, ya ce a wuce.

Dubi tsakiyar nan da kyau. Duk mai zuciya biyu a hannu saura masa ɗaya ya cika biyar masu alama ɗaya. Kati 9 ne za su cika masa cikin 47 da bai gani ba, wato kusan kashi 19 a kati na gaba, kusan kashi 35 in ya kai ƙarshe. Mai 9 da 10, ko mai 5 da 6, yana jiran jere, wato kati biyar masu bin juna a lamba, ta gefe biyu, kati 8 ke gare shi. Mai sarki ɗaya kuwa gani yake shi ne a sama. Ka zuba 2, tsakiya ta zama 12, mai neman zuciya zai sa 2 don neman 12, kuma daidai ya yi da ya bi. Ba korar sa kake son yi ba, ba zai koru ba ma. So kake ya biya kuɗin ganin katin, tunda sau da yawa ba za ta zo masa ba. In su huɗun suka bi, marfi 8 ke nan ka tara a zagaye guda, daidai da babban zubi biyu. In ka yi shiru kowa ya yi shiru, 8 ɗin nan ta salwanta, kuma ka ba mutum huɗu kati kyauta. Zuciya 11 suka rage cikin 47, kusan sau ɗaya cikin huɗu ta uku za ta faɗo a tsakiya. Daga nan kai ne ka koma mai addu'a.

Akwai wani dattijo mai sana'ar canji da ke zama da mu, in yaro ya yi irin wannan aka cinye shi a katin ƙarshe ya fara ƙorafin rashin sa'a, sai ya tura masa kofin shayi ya ce, "Ɗana, wa ya hana ka zubawa?" Yaron ya ce, "Baba, tsoro na ji kada su gudu." Sai ya nuna masa wanda ya ci da haɓa: "Wannan? Tun da muke ka taɓa ganin ya ajiye kati?"

Wani abu da masu likimo ba sa lura da shi: a irin wannan tebur ba wanda ke karanta ka. Rabinsu idonsu na kan waya, ɗaya na jiran a kira shi ɗaukar kaya Mile 12 da asuba, janareton maƙwabci na ta ruri. Duk wasan kwaikwayon da kake yi da fuska ba mai kallo.

Mataki na huɗu: lura da inda mai yawan zubi yake zaune. Akwai shiru na dabara wanda ba likimo ba ne, wato ka wuce da niyyar ƙarawa a zagayen nan ɗin. In wanda ba ya iya haƙuri yana hagunka, daf da kai, ka wuce, ya zuba, sauran su bi ɗaya bayan ɗaya, in ta dawo kanka ka ƙara. Duk wanda ya riga ya sa 2 zai sa wata 2. In kuwa a damanka yake, shi ne na ƙarshe, ƙarin naka zai sa sauran su fuskanci 4 a lokaci guda, wasu su fita. Wannan ya dace da mai sarki ɗaya da ke son rage jama'a, bai dace da mai 7 uku da ke son tara su ba, gara ka zuba da kanka. Sharaɗin duka shi ne ka tabbata wani zai zuba. In kana shakka, zuba.

Mataki na biyar: yaushe likimo ya halatta? Sai abubuwa huɗu sun haɗu. Katinka ya yi ƙarfin da kusan ba abin da zai kamo shi, abin da ke tsakiya kaɗan ne, abokin karawa ɗaya ne ko biyu, kuma katin da za ka bayar kyauta zai ba su abin da za su bi ka da shi ne, ba abin da za su doke ka ba. Misali kana da sarki biyu, aka buɗe sarki, 7 da 2, kowanne da alamarsa daban, kai da mutum ɗaya. Babu mai jiran zuciya, babu mai jiran jere, sarki ɗaya tak ya rage a waje. Nan in ka wuce, ko ya zuba ka bi kawai ka jira kati na huɗu inda zubi ya zama 4 sannan ka ƙara, ba laifi. Ni ko a nan ma, in na san mutumin mai bi ne, zubawa nake yi. Kuma da zarar tsakiya ta yi nauyi, ka manta da zancen gaba ɗaya.

Sauran zagayen biyu ba su da wani dogon bayani. Kati na huɗu, zuba 4. In zuciya ta uku ta faɗo kuma wani ya ƙara maka, kada ka jefar da 7 ukunka, kana da kati 10 cikin 46 da za su cika maka gida, wato uku iri ɗaya haɗe da biyu iri ɗaya, ko su ba ka huɗu iri ɗaya, ka bi. A katin ƙarshe ka sake zubawa in tsakiyar ba ta canza fuska ba, domin mai sarki ɗaya zai biya don ya gani. In wanda ya yi shiru tun farkon dare ne ya ƙara maka a nan, ka sa 4 ɗin ka ga katinsa, kada ka ɗora a kai.