Babi na Biyu: Faɗin Suna da Tambayar Suna a Sifaniyanci

Mutumin da ya tashi a zangon Kumasi ba baƙon harsuna ba ne, domin kafin ya kai munzalin aure ya riga ya iya Hausa a gida, da Tonanci, wato harshen Twi, a kasuwar Kejetia, da ɗan abin da ya samu na Larabci a makarantar allo, sannan ga Turancin asibiti da na ofis. Saboda haka ɗalibin wannan aji, ko a Aboabo yake ko a Asawase, bai kamata ya ji tsoron ƙara Sifaniyanci a kan waɗanda yake da su ba. Harshen yana da masu jin sa tun daga haihuwa kusan miliyan 500, mafi yawansu a ƙasar Meksiko da sauran ƙasashen Latin Amurka, kuma a nan Afirka yana cikin harsunan hukuma a Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yancin kai daga Sifaniya a shekarar 1968. Mu ma a nan ba mu rasa dalilin koyonsa ba: akwai 'yan'uwanmu da ke aiki a gonakin Almeriya da garuruwan Kataloniya, akwai likitocin Kyuba da suka daɗe suna aiki a asibitocin Gana, kuma matasanmu masu buga ƙwallo sun san cewa Mohammed Salisu, haifaffen Kumasi, a kulob ɗin Real Valladolid ya fara fitowa duniya ta san shi.

Kafin ɗalibi ya furta kalma ko ɗaya, wajibi ne ya san cewa haruffan da ya koya a ajin karatun Hausa ba duka ne suke riƙe da sautinsu a Sifaniyanci ba. Wasula biyar, wato a, e, i, o, u, ba su da matsala, ana karanta su kamar yadda muke karanta namu, kuma wannan babban sauƙi ne idan aka kwatanta da Turanci. Inda ake yin tuntuɓe shi ne harafin c. Mu mun saba karanta shi kamar a "ciniki", amma a Sifaniyanci idan ya zo kafin a, o ko u sautinsa k ne, don haka cómo ana cewa "komo". Idan suna son sautin c irin namu sai su rubuta ch, shi ya sa mucho yake fitowa "muco" a bakin Bahaushe ba tare da wata wahala ba. Harafin l guda biyu a jere ana karanta su kamar y, harafin ñ kuma kamar "ny" da ke cikin kalmar Nyame ta Tonanci, v da b sautinsu ɗaya ne, h kuwa ana rubuta shi amma sam ba a furta shi. Harafin j yana fitowa daga maƙogwaro, kusa da harafin "kha" na Larabci, wanda duk wanda ya yi karatun allo ya san shi. Ɗan layin da ake ɗorawa a kan wasali yana nuna gaɓar da za a ƙarfafa ne, kuma alamar tambaya da ake kifewa a farkon jimla tana sanar da mai karatu tun da wuri cewa tambaya ce ke tafe.

Ana fara magana da gaisuwa, sai dai gaisuwarsu gajeriya ce. Da safe ana cewa buenos días, a karanta "buwenos diyas", kuma a Sifaniya ana ci gaba da faɗinta har lokacin abincin rana, wajen ƙarfe 2. Daga nan sai buenas tardes har duhu ya shiga, sannan buenas noches, a karanta "buwenas noces". Kalmar hola, wadda ake furtawa "ola", tana shiga kowane lokaci. Babu tambayar gajiya, da iyali, da kasuwa, da ruwa, kuma wanda ya amsa maka da kalma biyu ya wuce ba wulaƙanci ya yi maka ba, iyakar gaisuwarsa ke nan.

Hanyar da aka fi bi wajen faɗin suna ita ce me llamo, a karanta "me yamo", sai mutum ya kawo sunansa: Me llamo Haruna, ko Me llamo Rabi. Akwai kuma soy, wato "ni ne" ko "ni ce", da mi nombre es, wato "sunana shi ne", amma wannan ta ƙarshe ta fi dacewa da ofis da magana ta waya. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne haɗa hanya biyu wuri guda, su ce "me llamo es Haruna". Wannan es ɗin ba shi da gurbi a nan, a cire shi. Haka nan a kula da ɗabi'ar harshenmu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu ko a ƙarshen kalma, yadda nombre take komawa "nombure" a bakin wanda bai yi hattara ba. Za a iya gane shi, amma gara a gyara tun yanzu kafin baki ya saba.

Tambayar suna ita ce inda wannan babi ya fi bukatar natsuwa, domin iri biyu ce, kuma zaɓen wadda ta dace yana nuna tarbiyyar mai magana. Ga yaro, ko tsara, ko abokin aiki, ana cewa ¿Cómo te llamas?, a karanta "komo te yamas". Ga dattijo, ko likita, ko jami'in ofishin jakadanci, ko duk wanda ba a saba da shi ba, ana cewa ¿Cómo se llama usted?, a karanta "komo se yama usted". Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, tun da shi ma yana ce wa babba "ku" alhali mutum ɗaya ne a gabansa. Tú, wanda tambayar farko take tafiya da shi ko da ba a faɗe shi ba, yana matsayin "kai" ko "ke", usted kuma yana matsayin wannan "ku" na girmamawa. Gaskiya ne cewa mutanen Sifaniya na yanzu suna saurin komawa tú ko da ba su san mutum sosai ba, yayin da a Kolombiya da wasu ƙasashen Latin Amurka aka fi riƙe usted, amma shawarar da za a ba baƙo ɗaya ce ko'ina: ya fara da usted, idan wancan ya ga abin ya yi nauyi shi da kansa zai ce a sauke. Ba a taɓa jin wanda aka ƙi saboda ya cika ladabi ba.

A lura da ƙarshen kalmar aikatau, domin a nan ne ake gane wanda ake magana a kansa. Llamo na mai magana ne, llamas na wanda ake ce wa tú, llama kuma na usted ne ko na wani mutum na uku. Wanda ya haɗiye s ɗin ƙarshe, ko ya musanya o da a, ya sauya ma'anar jimlar ba tare da ya sani ba. Akwai kuma wani bambanci da ke ba ɗalibai mamaki. Mu muna rarrabe namiji da mace a wanda muke yi wa magana, mu ce "sunanka" ko "sunanki", su kuwa tambaya ɗaya ce ga kowa. Amma idan aka zo nuna jin daɗin haɗuwa, jinsin mai magana ne ake dubawa: namiji ya ce encantado, mace ta ce encantada, ko da wa take magana. Wanda yake tsoron rikicewa ya riƙe mucho gusto, wadda kowa yake iya faɗi, amsarta kuma igualmente, a karanta "igwalmente", wato "ni ma haka".

Ga misalin hira tsakanin wata 'yar kasuwa da likita. Likita ya ce: Buenos días, señora. ¿Cómo se llama usted? Ita kuma ta amsa: Buenos días, doctor. Me llamo Halima. Sai ya ce: Mucho gusto. ¿De dónde es usted?, wato daga ina take. Ta ce: Soy de Ghana. Vivo en Kumasi, a karanta "soi de Gana, bibo en Kumasi", ma'ana ita 'yar Gana ce, a Kumasi take zaune. Idan tana so ta mayar masa da tambaya ba sai ta maimaita jimlar duka ba, ¿Y usted? ya isa, a karanta "i usted". Idan ya yi sauri har ta kasa bi, ta ce Más despacio, por favor, wato ya yi a hankali don Allah. Wannan jimla ta cancanci a haddace ta tun daren farko, domin masu wannan harshe suna magana kamar ruwan sama a kan kwano.

Yanzu sai a duba abin da yake faruwa da sunayenmu idan suka shiga hannun mai Sifaniyanci, domin a nan ne darasin haruffa yake nuna amfaninsa. Idan ya ga Halima a rubuce yana iya karantawa "Alima", idan kuma ya ji sunan daga baki yana iya rubuta Jalima, saboda a wurinsa j ne harafin da ya fi kusa da sautin h ɗinmu. Jamila za ta ji ana kiran "Khamila" a layin asibiti ta yi zaune ba ta san da ita ake ba. Zainab ma ba za ta ji z ɗinta ba, domin harshen ba shi da wannan sauti: a Latin Amurka s za a yi mata, a yawancin Sifaniya kuma wani sauti mai kama da harafin "tha" na Larabci. Maganin wannan shi ne mutum ya iya jera haruffan sunansa da sunayensu na Sifaniyanci. Idan aka ce ¿Cómo se escribe?, wato yaya ake rubutawa, Halima za ta ce: hache, a, ele, i, eme, a, tana karanta na farkon "ace". Harafin j sunansa jota, z kuma zeta, s shi ne ese, r shi ne erre, f shi ne efe. Haruffan duka 27 ne, amma ba dole ne a haddace su a wannan mako ba. Kowa ya fara da waɗanda ke cikin sunansa.

Batun takardun cikewa ya fi wannan nauyi. Za a ga gurbi biyu, nombre da apellidos. Na farko sunan yanka ne, na biyu kuma, wanda ake karantawa "apeyidos", sunan dangi ne, kuma an sa shi a jam'i ne saboda a al'adarsu kowa yana ɗauke da biyu, na uba da na uwa, mace kuma ba ta sauya nata idan ta yi aure. Ɗan wasan Black Stars da aka haifa a Bilbao a shekarar 1994, cikakken sunansa Iñaki Williams Arthuer, na tsakiya daga mahaifinsa, na ƙarshe daga mahaifiyarsa. Mu kuwa yawancinmu sunan uba muke ɗorawa a kan namu, wani ya ƙara da na kaka, wani da sunan gari ko na sana'a. Ƙa'idar da za a bi ita ce a kwafe abin da ke cikin fasfo harafi da harafi, abin da fasfo ya sa a gurbin sunan dangi shi ne apellido, gurbin sunan dangi na biyu kuma a bar shi fayau idan babu. Kada a ƙirƙiro suna don a cike gurbi, kada kuma a rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, domin harafi ɗaya yana iya tsayar da biza ko kuɗin da aka aiko. Alhaji da Hajiya da Malam laƙabi ne na girmamawa, ba sa shiga takarda, haka ma sunan rana irin su Danladi ko Balarabe idan ba shi ne a fasfo ba. Su ma suna da nasu laƙuban: señor da señora suna tafiya da sunan dangi, don da doña kuma da sunan yanka.

Akwai abu biyu na al'ada da ya kamata a ambata. A wurinmu tambayar dattijo sunansa kai tsaye rashin kunya ne, kuma akwai matan da har yau ba sa kama sunan miji ko na ɗan fari. A ofis ko asibiti na can ba a san wannan kara ba, idan an tambaya dole a faɗa, kuma wadda abin ya yi wa nauyi tana iya miƙa takarda ta nuna da yatsa. Don gabatar da wani ana cewa Este es mi hermano, wato wannan ɗan'uwana ne, ko Esta es mi hermana idan mace ce, a bi da se llama da sunan. Na biyu kuma, a Sifaniya idan aka gabatar da mutane a wurin da ba na aiki ba, mata da maza sukan haɗa kumatu sau biyu. Wanda addininsa bai yarda masa da haka ba ya ɗora hannun dama a ƙirji tun kafin a matso, ya ɗan rusuna da fara'a ya ce mucho gusto.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya zo da fasfonsa ko katin ɗan ƙasa, ya rubuta nombre da apellido nasa a littafi yadda suke a ciki, sannan ya jera haruffan da baki a gaban aji. Bayan haka a zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, a yi hirar likita da 'yar kasuwa sau ɗaya da usted, a sake yin ta da tú, inda tambayar gari za ta koma ¿De dónde eres? Wanda yake son ya wuce abin da ke cikin wannan littafi yana iya neman reshen Kumasi na Cibiyar Koyar da Harsuna ta Gana, wadda aka kafa a shekarar 1961 kuma daga baya aka haɗe ta cikin jami'ar UniMAC, domin Sifaniyanci yana cikin harsunan da cibiyar take koyarwa. Babi na gaba zai ɗauki lambobi daga 1 zuwa 31, waɗanda da su ne ake faɗin ranar haihuwa.