Yadda Ake Rufe Furfura da Lalle da Ruwan Shayi

'Yan uwa mata sun dame ni da tambayar yadda ake rufe furfura a gida ba tare da rinin kanti ba. To, ga shi.

1. Ki dafa baƙin shayi, jaka 3 a kofi 2 na ruwa, har ya yi duhu.
2. Ki bari ya huce.
3. Ki tankaɗe garin lalle, in ba haka ba tsakuwarsa za ta maƙale a kai.
4. Ki kwaɓa da ruwan shayin, kaurinsa kamar ƙullun ƙosai.
5. Ki rufe, ki ajiye ya kwana.

Hattara: koren lalle na gargajiya nake nufi. Baƙin lallen zane sau da yawa yana da sinadarin PPD mai ƙona fata. Ko da koren ne, ki gwada a bayan kunne, ki jira awa 48.

6. Ki wanke gashi bayan tsifa.
7. Ki shafa Vaseline a goshi da kunnuwa.
8. Ki sa safar hannu.
9. Ki shafa lallen tsaga-tsaga, daga tushe.
10. Ki ɗaure kai da leda, awa 3.
11. Ki ɗauraye da ruwa zalla.
12. Ki shafa man kaɗanya, don lalle na busar da gashi.

Furfurar ja za ta koma, ba baƙa ba, kuma launin sai ya kwana 2 yake zama.